Mai Gita Ɗaya, Ƙungiya Uku

Har gobe ba na manta ranar da mutum ɗaya ya ci na ɗaya da na biyu da na uku a gasar da muka shirya, ya kuma koma gida ba a rubuta ko a wuri guda cewa ya yi wasa ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna jin labarin guntu-guntu, to ga shi daga bakin wanda ya riƙe alƙalami a ranar.

A lokacin ni ne sakatare a wani gidan matasa da al'adu, aikina rajista da rubuta rahoto. Kowace shekara bayan girbi muna haɗa ƙungiyoyin kiɗan zamani, kowace komin, wato ƙaramar hukuma, ta turo ɗaya. Takardar rajistarmu layi uku gare ta: sunan ƙungiya, sunan mawaƙi, sai adadin masu rakiya. Masu rakiya su ne mai ganga da mai gita da 'yan amshi, duk a dunƙule cikin lamba ɗaya kamar buhunan wake. Takardar alƙalai kuwa tana ba da maki a kan murya, ma'anar waƙa, tufafi da kiyaye lokaci. Kiɗan kansa ba shi da gurbi, a gasar kiɗa. Na daɗe ina raba takardun nan ban taɓa lura ba. Akwai kuma wata doka da shugabanmu, wanda muke kira Shef, yake ji da ita kamar shi ya haife ta: duk wanda ya yi wa komin biyu wasa, an kori ƙungiyoyin duka.

Ranar Asabar bayan azahar aka fara, ƙungiya biyar. 'Yan Gazawa suka buɗe fage. Mawaƙinsu yaro ne mai kyan tsayi, muryarsa dai sai a hankali. Can bayan lasifika akwai wani mutum cikin babbar riga, rataye da gita ta lantarki. Da mawaƙin ya tsaya shan iska, sai mutumin ya saki hannu. Irin kiɗan nan ne da samari ke kira rok, wanda gita ke gurnani tana kuka, amma abin da yake bugawa taken gurmi ne da kowa ya sani tun yana goye, ya murɗe shi ya ja shi har sai da mai sayar da ruwan sanyi ta ajiye bokitinta. Ni da ke kula da agogo na bar su suka zarce da minti uku. Na lura da abu ɗaya: kafin ya fara ya cire takalminsa na dama, saboda da babban yatsa yake taka ɗan akwatin da ke sauya sautin.

Ƙungiya ta uku ta Cadawa ce. Suna hawa dandamali, sai na'urar ƙara sauti ta mutu. Mai gitarsu, wani mutum cikin kwat da baƙin tabarau, ya zaro sukundireba daga aljihu, ya tsuguna, kafin Shef ya gama faɗa, na'urar ta tashi. Sannan ya cire takalmin dama.

Ƙungiya ta ƙarshe daga wajen Gidan Rumji ta zo. Mai gitarsu ya naɗe fuska da rawani, ido kawai ake gani. Ban ma kalli fuskar ba, ƙafar na kalla.

Alƙalai uku suka haɗa maki kafin magariba. Gazawa ta ɗaya, Cadawa ta biyu, 'yan wajen Gidan Rumji na uku. Da yake alƙalan ba su da inda za su zuba abin da suka ji a jikinsu, sai suka zuba shi a layin murya. Wani daga cikinsu, tsohon malamin lakol, wato makarantar boko, har ya tashi ya yi jawabi a kan yadda muryoyin samarinmu suka ci gaba a bana. Aka tafa masa, ni ma na tafa, ba zan ɓoye muku ba.

Ranar Litinin shugaban ƙungiyar da ta zo ta huɗu ya kawo ƙara a rubuce, ya ce mai gita ɗaya ne ya yi wa duka ukun wasa. Idan ta tabbata, kofi nasa ne. Na kai wa Shef, na gaya masa gaskiya ni ma na ga takalmin. Ya sa na ɗauko takardun rajista, ya shimfiɗa su bisa tebur.

"Sakatare, ka ga sunan wanga mutum cikin takarda biyu?"

"Ko cikin ɗaya babu shi, Shef."

"To mi ake ƙara a kai? Wanda ba shi cikin takarda bai yi wasa ba."

Haka na rubuta amsa, ya sa hannu, na buga hatimi. Na fito daga buron, wato ofishinsa, ina jinjina wa kaifin basirar Shef.

Washegari da safe mai takalmin ya zo da kansa. Isuhu sunansa, ya haura arba'in, yana gyaran rediyo da salula a kasuwar Cadawa. Sama da shekara ashirin yana tsaye bayan mawaƙa a gidajen biki. In mawaƙi ya yi suna ya tafi Maraɗi, sai Isuhu ya koma bayan wani sabo. Ya ciro wata wasiƙa da ya ninke cikin leda. Za a yi taron masu gita a Yamai, kuma duk mai son hawa dandamali sai ya haɗa da takardar shaida cewa ya taɓa wasa a gasar hukuma. Saura mako biyu a rufe karɓa. Abin da ya kawo shi ke nan, layi ɗaya mai sunansa.

Na tambaye shi abin da ya kai shi bin ƙungiya uku. Ya sosa ƙeya, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malami ko ma'aikaci a nan, ya ce, "Ni cewa na yi in na bi ukku, ko ɗaya dai ta ci. Ban san duk za su ci ba, Mushe."

Na yi dariya, sai na daina, domin na riga na hango inda muka dosa. Na yi masa bayani dalla-dalla. Takardar shaida daga rahoton alƙalai take fitowa. In na sa sunansa a ƙarƙashin Gazawa kaɗai, mai ƙara ya samu sunan da zai kama, shaidu kuwa duk 'yan kallon da suka cika fili ne. Daga nan dokar Shef za ta hau kan ƙungiyoyin uku. Na kira mawaƙan ɗaya bayan ɗaya ko wani zai tsaya masa. Kowanne ya ce Isuhu yaronsa ne, alhali ya girme su duka, kowanne kuma ya roƙe ni kar a tada maganar.

Na ce masa ni dai a shirye nake in rubuta gaskiya in ya ce a rubuta, kuma har zuciyata nake faɗa, ko da yake na san Shef ba zai gode mini ba. Ya mayar da wasiƙar cikin leda.

"Bar shi, Mushe. Yaran Gazawa sun riga sun zagaya gari da kofin bisa babur, uwayensu sun gani. Ba ni zuwa in amshe."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji a wurin aiki ba. Na rasa abin yi, sai na jawo abin da ikona ya kai. Muna da takardar godiya da muke ba waɗanda suka taimaka, kamar mai hayar kujeru da mai janareto. Ita ba ta bukatar alƙalai. Na rubuta sunansa cikakke, na ce an gode masa bisa gyaran na'urar sauti a ranar gasa. Shef ya sa hannu da murna, har ya ce irin waɗannan ƙananan mutanen ya kamata a riƙa tunawa da su. Isuhu ya karɓa da hannu biyu, ya haɗa da wasiƙarsa ya aika Yamai a haka.

Suka kuwa gayyace shi, a matsayin mai kula da wayoyi.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, mu ma'aikatan al'adu ba mugunta gare mu ba, layi ne kawai muke bi, abin da ba shi da layi ko yana tsaye gabanmu yana girgiza fili ba mu ganinsa. Na rubuta shawara a ƙara gurbin sunayen makaɗa a takardar rajista, aka amsa mini cewa shawara ce mai kyau, za a duba in tsofaffin takardun sun ƙare. Kun dai ga kwalayen takardun da ke bayan ƙofa. Saboda haka in kun zauna rajista, ku tambayi sunan mai gita ku rubuta ko a gefen takarda ne.

Bayan ya dawo na bi ta rumfarsa a Cadawa, na tarar yana fama da wata tsohuwar rediyo. Ya ce kwana uku ya yi yana jan waya yana ɗaure wa manya gita, ya kuma ga masu hannu ƙwarai. Na tambaye shi ko ya samu ya buga ko kaɗan. Ya ce kafin kowane wasa shi ke gwada gitocin a ji ko sauti na fita, minti ɗaya-ɗaya.

"Rana ta biyu masu taron sunka kira ni gefe," in ji shi, bai ɗago kai daga rediyon ba. "Sunka ce in na zo gwaji in riƙa taɓa wayar gita ɗaya kawai, don mutane na tasowa suna zaton an fara."