Ganye Uku a Bayan Littafin Coci

Na dawo gida daga Kanada bayan shekara bakwai ina karatun tarihi, ɗauke da wani raini da ban san na kwaso ba, na masu neman asalinsu. A can na ga irinsu cike da ɗakunan ajiyar tsofaffin takardu, kuma ban taɓa ganin wanda ya tono kakansa ya tarar da ɓarawon kaji ba. Kowa jikan dagaci ne, ko na wani jarumi da ya bar gida saboda addini. Sai na yanke cewa abin cefane ne kawai, mutum ya shiga kasuwar matattu ya zaɓi wanda ya yi masa. Har yau ban gama rabuwa da wannan ra'ayi ba. Sai dai katanga ɗaya ce tsakanina da Goggo Irmtraud Weyrich, kuma abin da ya same ta ya sa ba na faɗinsa da ƙarfi kamar da.

Shekara talatin da ɗaya Goggo Irmtraud ta yi tana raba wasiƙu a ƙauyenmu Ranselbach, a kan keke, daga baya a 'yar rawayar motar gidan waya. Ba ta yi aure ba. Tana zaune a gidan da aka haife ta, na farko in an hawo daga gada, inda zuriyar Weyrich suke tun kafin a fara rubuta sunayen mutane. Kakarta ce ta koya mata karanta tsohon rubutun hannu, wannan mai kama da tafiyar tsutsa, wanda ko fastocin yanzu ba sa iya fitar da shi. Saboda haka duk wasiƙar da ta zo daga Amurka ana neman kaka, fasto ba ya ko buɗewa, yakan mayar mata da ita cikin jaka ya ce ai ta san inda makullin ɗakin littattafai yake. Ba a biyanta, ba ta kuma taɓa nema ba. Abin da take so shi ne a ce a duk yankinmu na Pfalz in Irmtraud ta ce wane ɗan wane ne, to an gama magana.

Wata rana wasiƙa ta zo daga wani Lowell Dauber, likitan dabbobi da ya ajiye aiki a Pennsylvania. Abu biyu gare shi. Akwai rubutu a bangon Littafi Mai Tsarki na gidansu cewa kakansu na farko, Johann Nickel Dauber, mutumin Ranselbach ne. Akwai kuma hoton takardar jirgin ruwan da ya sauke shi a Philadelphia a shekarar 1741, lokacin ƙasar tana hannun Ingila. A takardar nan Johann Nickel bai sa hannu ba, alama kawai ya zana, magatakarda ya rubuta sunan a gefe.

Ba ta yi awa ɗaya da buɗe littafin baftisma ba ta same shi: Johann Nickel, an haife shi 1716, ɗan dagaci Dauber na babban gidan nan mai kallon coci. Alamar nan ta ɗan tsaya mata a rai, don ɗan dagaci ba zai rasa iya rubuta sunansa ba. Amma ta ce wa kanta mutumin da ya yi wata uku a teku ai hannunsa rawa zai yi. So hana ganin laifi. Ta aika da amsa a ranar.

Da damina ta zagayo Lowell ya iso da 'yan Dauber arba'in a babbar mota. Baba Ottmar Dauber, manomin inabin da ke zaune a babban gidan yanzu, ya yanka alade, ya buɗe ɗakin giyarsa, aka kafa allon tagulla a bangonsa da sunan Johann Nickel. Abin da ya fi taɓa mutane shi ne bakin Lowell. Tsohon yarenmu yake yi, wanda kakarsa ta bar masa, da kalmomin da tsofaffin matan ƙauyen ba su ƙara ji ba tun rasuwar nasu kakannin. Tun daga ranar yake kiran Ottmar ɗan baffa, Irmtraud kuwa ƙanwata.

Bayan shekara uku aka kai littafin gyara saboda bangonsa ya saki. Da ya dawo sai ta ga mai gyaran ya ɓamɓaro ganye uku da laima ta manne da bangon baya. Rubutun a kife yake. Faston wancan zamani ya juya littafin ne ya fara daga ƙarshe, don kada sunayen gidan bakin rafi su haɗu da na sauran jama'a. Gidan mai fiɗar mushe ke nan. Kowa a nan ya ji yadda ake da su a da: ba a gaisawa da su hannu da hannu, kofinsu daban a gidan giya, kujerarsu a bakin ƙofar coci, 'ya'yansu ba sa zama a aji. Su ma Dauber ne, reshe ne da ya faɗa sana'ar tun zamanin wani kaka, babban gida ya yanke su.

A ganyen farko ta ga wani Johann Nickel, 1717. A na uku faston ya yi dogon rubutu, kuma ko daga yadda alƙalamin ya danne takarda an san ransa a ɓace yake. A sanyin 1740 matar mai fiɗa, Anna Ottilia, ta rasu. Al'adarmu ce, har gobe, maƙwabta huɗu mafi kusa su ke ɗaukar akwatin gawa. Su huɗun suka ƙi, suka ce ba za su ɓata hannunsu ba. Gawa ta kwana uku. A rana ta huɗu ɗanta Johann Nickel ya ɗora ta a kan amalanken da suke kwasar mushe, ya ja shi kaɗai har maƙabarta. Faston ya jera sunayen waɗanda suka ƙi, kuma na farko shi ne Velten Weyrich. A ƙasa, da wata tawada daban, ya ƙara layi ɗaya: yaron ya tafi sabuwar ƙasa da bazara, bai yi wa kowa sallama ba.

Washegari ta hau keke ta je ƙauyen maƙwabta ta duba nasu littafin, ko Allah zai sa ta yi kuskure. Ɗan dagaci yana nan. Can ya yi aure, can ya mutu a kan gadonsa yana da shekara sittin da uku, bai taɓa ganin teku ba.

Ta ce za ta rubuta wa Lowell gobe. Sau huɗu ta rubuta wasiƙar, sau huɗu tana ajiye ta a aljihun teburin da take zuba cokula. Matar da ta kai wa mutane sammacin kotu da labarin mutuwa har ƙofar gida ba tare da ta yi jinkiri ba, ta kasa jefa tata ɗaya a akwati. Da farko takan ce don Lowell take yi, kada ta ƙwace wa tsoho kakansa. Daga baya ta daina yi wa kanta wannan ƙaryar. Kuskuren da ta yi ba ya hana ta barci sosai, kowa na yi. Sunan Velten ne ba ta so ya fito daga bakinta, ga shi kullum ta ƙofarsa take fita. Ta canza hanyar zuwa shagon burodi don kada ta wuce ta gaban allon tagulla. Kowace Kirsimeti kati yakan zo, an rubuta: ga ƙanwata da ta ba ni kakana. Haka aka yi shekara goma sha ɗaya.

Sai Lowell ya sake zuwa, shi kaɗai wannan karon, da sanda, yana da shekara tamanin da uku. Matarsa ta rasu, yayansa ma haka, kuma bai ɓoye wa kowa cewa wannan ne zuwansa na ƙarshe ba. Ya taho da gwangwanin kofi wanda ba komai a ciki. Yana son a cika masa shi da ƙasar tsakar gidan kakansa, 'yarsa ta zuba masa a kabari in lokaci ya yi.

Da hantsi suka zauna a tsakar gidan Ottmar, ga kofi ga kek ɗin tuffa. Ottmar ya ɗauko shebur yana ta barkwanci, ya ce a ɗiba daga gindin tsohuwar inabin nan, don ƙasar wurin ta sha giya fiye da shi, ɗan baffa ba zai ji ƙishi a lahira ba. Da ya ga Irmtraud ba ta taɓa kek ɗinta ba sai ya juyo kanta.

“Ke kuma mai tonon matattu, yau ga tono na gaske kin yi tsit. Ko sai an ba ki tabarau da makullin coci?”

Ta ga bakin shebur ya shiga ƙasa. Ta gaya mini daga baya cewa allo a bango abu ne da ake iya cirewa, amma abin da aka zuba wa mutum a kabari ya zauna ke nan.

“Ottmar, ajiye shebur ɗin nan,” in ji ta. “Ba ƙasarsa ba ce.”

Ba ta yi wani bayani a wurin ba. Ta kai su ɗakin littattafai, ta ɗora littafin a tebur, ta kifa shi a gabansu ta buɗe daga baya. Ta karanta duka da ƙarfi, ba ta tsallake ko kalma ba. Da ta zo kan sunayen ta karanta na farkon kamar sauran, sannan ta ƙara da cewa kakanta ne, a gidansa take kwana.

Ottmar ne ya fara magana. Ya tambaya yanzu ya za a yi da allon, shi fa wuri huɗu ya huda bangonsa. Lowell ya ja littafin gabansa, ya daɗe yana kallon rubutun da ba ya iya karantawa, sai ya yi wata 'yar dariya.

“Shekara arba'in ina cusa hannu cikin mushen shanun mutane, uwata tana cewa ban san wanda na biyo ba. Ashe gado na ci.”

Har ta fara jin sanyi a ranta. Sai ya tambaye ta tun yaushe ta sani. Tana iya cewa bara, ba mai ƙaryata ta. Ta ce shekara goma sha ɗaya. Dariyar ta bar fuskarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce yayansa ne ya fara wannan nema tun suna samari, kuma shekara biyu ke nan da binne shi, da hoton gidan Ottmar a gefen gadonsa. Ya ce da ta yi magana da yayan nasa ya ji labarin Anna Ottilia kafin ya rasu. Sannan ya ce a nuna masa inda gidan bakin rafin yake.

Ba gida a wurin. Fili ne a ƙasan gada inda aka jera manyan akwatunan zubar da kwalabe. Ottmar ya biyo su da shebur ɗinsa yana gunaguni, ya share fasassun kwalabe da ciyawa mai ƙaiƙayi, ya haƙa har ya kai baƙar ƙasa mai laima, ya cika gwangwanin. Ya ce Dauber dai Dauber ne, kuma aladensa da aka ci ya riga ya ciwu. Lowell ya tsaya yana kallon hanyar da ta hau tudu zuwa coci, ya ce yana so ya bi ta da ƙafa, yadda yaron ya bi. Ottmar ya miƙa hannu zai ɗauki gwangwanin, Lowell ya hana shi.

“Hannuna ɗaya na kan sanda,” ya ce, yana kallon Irmtraud. “Ɗauki, 'yar gidan Velten.”

Ta taga na gan su sun wuce, tsofaffi uku a jere, ita a gaba ta rungume gwangwanin kofi da hannu biyu, kanta a sunkuye. Ban san me ake ciki ba a lokacin. A maƙabarta Lowell ya zuba rabin ƙasar a gindin katangar arewa, inda ake binne mutanen gidan bakin rafi, ba dutse ba suna, ya rufe sauran ya sa a jaka.

Ottmar da kansa ya kwance allon bayan mako ɗaya. Ramukan huɗu suna nan a bango, kuma Goggo Irmtraud ta koma bin tsohuwar hanyarta zuwa shagon burodi, ta gabansu. Da Kirsimeti kati ya zo, da sunanta kawai a sama, babu ƙanwata. Lowell ya rasu da bazara. 'Yarsa ta rubuto cewa an yi yadda ya ce. Har yanzu wasiƙun Amurka suna zuwa, Goggo tana amsa su, sai dai yanzu kowane littafi daga baya take fara buɗe shi, kuma in an yabe ta a gaban mutane sai ta tashi ta ce ta bar ruwa a wuta.

Ita ta ba ni labarin nan da bakinta, muna tsaye a bakin katanga tana tsinkar wake. Da ta gama sai na tambaye ta ko gwangwanin ya yi mata nauyi a hawan tudun.

“Ko kaɗan,” in ji ta. “Na ma duba agogo. Daga rafi zuwa ƙofar maƙabarta minti bakwai ne, da tsoho mai sanda a bayana. Su kuwa da suka ƙi ɗaukar gawar, ƙarti huɗu ne.”