Ranar da Aka Auna Jinin Gwaggo

Gwaggona, ƙanwar mahaifina da ke aure a Kebbe, mace ce mai jiki sosai. Tun ina yarinya nake jin ana yi mata ba'a a gidan biki, ita ma ta yi dariya, shi ya sa na ɗauka abin ba ya damunta.

Sai da na fara koyarwa a Tambuwal na gane ta daina zuwa asibiti. Kowane ciwo ta kai, amsar ɗaya ce: ta rage ci. Abin awon jini ma ba ya zagaye damtsenta, sai ma'aikatan su kalli juna su yi murmushi.

Bara wata ƙungiyar sa-kai ta horar da ma'aikatan lafiyar garinmu kan yadda ake karɓar masu ƙiba, ta kuma ba su kayan aiki. Da ƙyar na lallashi Gwaggo ta hau mashin ta zo.

Malamar asibitin ta jawo mata kujera mai faɗi, ta ɗaura mata babban abin awo, ya zauna daidai. Ta ce, "Inna, mi ke damunki? Gaya mani duka."

Gwaggo ta fara magana. A nan na ji abin da ban taɓa sani ba: ta daɗe tana fama da jiri da bugun zuciya, ba ta gaya wa kowa ba.

Hawan jini ne, aka ɗora ta a kan magani. Yanzu da kanta take zuwa, wani lokaci har da maƙwabciyarta.