Fom ɗin Mai Makulli

A sashenmu kowa Mai Makulli yake ce masa, har shugaban sashe. Wani tarin makullai yake ratayawa a ƙugu, tun yana kan matakala za ka ji ƙararsu, ka san ɗakin kwamfutoci ya kusa buɗewa. Shi ne ma'aikacin da ke kula da ɗakin: kwamfuta goma sha takwas, majigi ɗaya mai taurin kai, kyamarori huɗu, da tarin wayoyin da har yau ban san kansu ba balle gindinsu. Ni kuwa ni ce malamar da ke koyar da zane mai motsi da haɗa sauti, ɗaya daga cikin kwasa-kwasan zaɓi na 'yan digiri na biyu. Shekara tara muka yi da shi a ɗakin nan.

Ɗan mai gyaran rediyo ne. Ya taɓa gaya mini a ƙarƙashin teburin babansa ya tashi, yana tsintar ƙananan kusoshi yana jerawa a murfin gwangwani. Daga nan ya yi shekaru a shagon ɗaukar hoto, yana goge wa mutane ƙurajen fuska a jikin hotunansu, kafin ya samu aiki a wurinmu. Digirin farko a karatun ƙarshen mako ya yi shi, shekara shida cur, ga 'ya'ya uku. Matarsa tela ce, ya ce da ƙarar kekenta a kunne ya yi duk karatunsa, shi ya sa ko a ɗakin jarrabawa sai ya riƙa kaɗa ƙafa kafin amsa ta zo masa.

Duk ranar da nake da aji, yana can kujerar baya kusa da soket, wai ko wani abu zai lalace. Ashe rubutu yake yi. Littafi biyar ya cika da darussana, masu shuɗin bango, kowanne da shekararsa a jiki. Idan na rikice a gaban ɗalibai, kuma wallahi ina rikicewa, sai ya taso kamar zai gyara waya, ya sunkuya ya ce a hankali, "Dakta, na ƙasan za ki danna." Ya koma ya zauna kamar ba shi ba. Wata rana wata ɗaliba ta leƙo ofishina ta ce, "Dakta, don Allah Mai Makulli yana nan? Tambaya gare ni." Tambaya a kan kwas ɗina fa! Na yi dariya na nuna mata hanya, amma abin ya tsaya mini a rai har na koma gida.

Shekara uku da suka wuce ya shigo ofishina da fom a cikin leda, ya miƙo mini da hannu biyu. Dokar makarantar ita ce ma'aikaci ba zai shiga karatu ba sai wanda yake aiki a ƙarƙashinsa ya sa hannu ya kai ofishin rajista.

"Dakta, digiri na biyu nake so in shiga," in ji shi. "Kwas ɗin nan naki, so nake in ɗauke shi da sunana."

Na ce, "Kai, madalla, Malam! Ajiye, zan duba."

Na jefa shi a dirowa. Shekarar farko na ce masa na sha'afa har lokaci ya wuce. Ta biyu na ce bana ba a ba ma'aikata gurbi ba, kuma ƙarya na shirga masa, ko idona ban ƙifta ba. Ya ce, "Allah ya kai mu baɗi." Ta uku bai ma tambaya ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina wai don ɗakin ne: in ya zama ɗalibi za a rage masa aiki, wa zai riƙe mini majigi? Wannan ma gaskiya ce, amma ƙarama. Babbar ita ce tsoro nake ji. Mutumin nan ya fi ni iya abin da nake koyarwa, na sani, ɗalibai sun sani. Muddin yana kujerar baya da makullansa, ni ce Dakta. Ranar da ya dawo layin gaba ya ɗaga hannu, asirina ya tonu.

Bana sai ga sabuwar doka: duk kwas ɗin zaɓin da bai samu ɗalibi takwas ba, a soke shi. Bakwai suka yi rajista da nawa. Bakwai! Na bi ɗalibai lungu-lungu kamar mai talla, ina roƙo, wani ya ce lokacin ya ci karo da wani darasinsa, wata ta ce ta ji kwas ɗin akwai wahala. Ranar da za a rufe rajista sai na tuna da dirowa, ga ɗalibi na takwas kwance a ciki. Na zaro fom ɗin, na rattaba hannu, na ruga ofishin rajista ina haki. Akawun ya juya takardar gaba da baya, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Haba Dakta, ai an rufe ɗaukar sababbin ɗalibai tun wata huɗu da suka wuce. Wannan ma tsohon fom ne, mun daina amfani da irinsa."

Aka soke kwas ɗin. Da babu kwas, aka ce ɗakin ba shi da amfani, aka raba kwamfutocin ga wasu sassa. Ni aka ba ni wani darasi na karatun littafi zalla, ban rasa komai ba. Shi kuwa aka mayar da shi sito, inda ake jibge karyayyun kujeru.

Ranar da ya zo miƙa makullai, ya same ni a ɗakin, babu komai sai tebura da shatin ƙura inda kwamfutoci suka zauna. Ya kwance tarin daga ƙugunsa ya ajiye a gabana. Kunya ta rufe ni, na kasa haɗa ido da shi.

Na ce, "Malam, ka yafe mini. Fom ɗinka ban taɓa kai shi ko'ina ba. Yana dirowata shekara uku."

"Na sani, Dakta."

"Ka sani?"

"Bara da dirowarki ta maƙale, wa kika kira ya gyara?" Ya ɗan yi murmushi. "Na gan shi can ƙasa. Sai na ɗora shi a sama, na sayo sabon biro na aza a kai, na ce ko rashin abin rubutu ne."

Ya ɗauki littattafansa biyar, ya yi mini sallama ya fita. Karo na farko ke nan da ya sauka matakalar nan ban ji ƙarar komai ba.

Na tuna biron sarai. Baƙi ne, mai laushin rubutu. Ranar da na gan shi har daɗi na ji, na ɗauke shi na tura fom ɗin ƙasa, na rufe dirowa. Shekara guda da shi nake sa wa wasu hannu a takardunsu.