Dogo Mai Aski da Guruf ɗin Gida

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar Dogo mai aski zai gaya maka ba mutum ne mai saurin fushi ba. Yaro zai yi ta mutsu-mutsu yana kuka, uban yana daka masa tsawa, Dogo kuwa sai ya riƙe kan yaron a hankali yana yi masa hira har a gama. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran babur da mai sayar da katifa. Kujera ɗaya ce, da benci na masu jira, da madubin da ya tsage a gefe. Wayarsa kullum tana jingine a jikin kwalbar man gashi. Da ita yake saka waƙa, da ita yake kallon ƙwallayen da aka ci jiya, da ita kuma yake duba hoton askin da samari ke turo masa suna cewa irinsa sak suke so, ko da kan nasu bai yi kama da na mai hoton ba.

Su huɗu ne a wurin mahaifinsu. Yaya, babbansu, yana aiki a wani gari mai nisa. Ƙanwarsu da suke kira Malama tana koyarwa a garin da ta yi aure. Auta ya tafi neman na kansa, kowace shekara da sabon gari. Dogo ne kaɗai ya zauna a gida da matarsa, tare da Baba, tsohon kafinta wanda tun rasuwar mahaifiyarsu bai ƙara aure ba. Baba mutum ne mai tsare mutuncinsa. Ko ƙofar gida zai leƙa, sai ya wanke fuska, ya gyara riga, ya sa hula.

Wata safiya Baba ya faɗi a bakin banɗaki. Da aka sallame shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana sai an kasa kunne sosai.

A ranar ne Yaya ya buɗe guruf a waya, ya zuba su duka a ciki, har da Gwaggo ƙanwar Baba da 'ya'yanta. Ya ce don kowa ya riƙa sanin halin da ake ciki. Dogo ya ji daɗin haka da farko.

Rayuwarsa ta koma wata iri. Kafin ya fita shago sai ya ɗaga Baba, ya kai shi banɗaki, ya yi masa wanka, ya shafa masa mai a baya don kada kwanciya ta ci masa fata, ya canja zanin gado idan dare ya yi ɓarna. Matarsa ta ɗauki wanki da girki, amma ɗaga Baba da wanke shi sai Dogo, domin tsohon ba ya yarda surukarsa ta ga tsiraicinsa. Wayar da a da take waƙa ta zama mai tuna masa lokacin magani. Tana ƙara sai ya bar kan mutum rabi a aske, ya hau babur ya ruga gida, ya dawo yana ba da haƙuri. Wasu suna jira. Wasu sun koma wani shagon, ba su kuma dawo ba.

Guruf kuwa bai taɓa yin shiru ba. Gari na wayewa Malama za ta turo hoton furanni da addu'a. Gwaggo za ta turo bidiyon wani mutum sanye da farar riga yana rantsuwa cewa ganyen kaza a ruwan ɗumi yana tayar da shanyayye cikin mako. Yaya ba ya rubutu, sai saƙon murya mai tsawo, ana jin ƙarar fanka a bayansa: a riƙa motsa masa hannu, a rage gishiri, a fito da shi ya sha iska. Auta sai dai ya manna hoton hannaye biyu a haɗe. Kowa kuma tambayarsa ɗaya: "Dogo, turo mana hoton Baba mu gani."

"Ni ne mai jinya, ni ne mai ɗaukar hoto, ni ne gidan rediyo," in ji Dogo ga matarsa. Yana dariya lokacin da ya faɗa, amma ita ta san dariyar ba ta kai ciki ba.

Watanni suka wuce a haka. Yaya ya zo sau ɗaya, ya kwana, ya koma. Malama kullum cewa take sai hutu ya zo. Hutu ya zo, ɗanta ya kwanta rashin lafiya.

Sai ƙuraje suka feso wa Baba a haɓa da kumatu, likita ya ce kada reza ta taɓa wurin har su warke. Gemu ya tsiro ba tsari, fari-fari, ya rufe masa fuska. Wata safiya Dogo yana ba shi shayi da cokali, tsohon ya ƙware, shayin ya zubo masa a gaban riga. Daidai lokacin Malama ta kira da bidiyo. Dogo ya ƙi ɗauka, ta sake kira. Ya ɗauka da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana bubbuga bayan Baba.

"Yaya Dogo, juya min shi in gaishe shi, zan shiga aji."

"Bari in canja masa riga tukuna."

"Ba komai, ai ni ce. Minti ɗaya."

Ya juya wayar. Ta gaishe da Baba, ta yi ƙwalla, ta kashe.

Da rana yana tsaka da aske wani maƙwabcinsu, mutumin ya ɗago wayarsa daga ƙarƙashin ƙyallen aski ya ce, "Ashe jikin Baba ya yi tsanani haka? Allah ya ba shi lafiya."

Dogo ya duba. Baba ne, kai babu hula, gemu buzu-buzu, baki a karkace, yawu da shayi sun jiƙa masa riga, ido ɗaya a lumshe. Malama ta ɗauki hoton daga kiran da suka yi, ta ɗora a sitatus ɗinta inda duk mai lambarta zai gani. A ƙasa ta rubuta cewa zuciyarta tana wurin mahaifinta dare da rana, a taya ta da addu'a.

Injin askin yana ta kuka a hannunsa, bai ma sani ba. Sai da maƙwabcin ya ce, "Dogo, kunnena fa," sannan ya kashe.

Bai gama wannan kan ba Gwaggo ta kira. Ko sallamarsa ba ta amsa ba.

"Kai yanzu ba ka ji kunya ba? Kana aske kawunan mutanen gari, ka bar min ɗan'uwa kamar mahaukacin kasuwa! Ko riga ba za ku iya canja masa ba, kai da matar taka? Mutane sai kirana suke yi!"

"Gwaggo, likita ne ya ce..."

"Likita ne ya ce a bar shi cikin ƙazanta?" Ta kashe.

Dogo ya sallami masu jira, ya ja ƙofar shago, ya zauna a kan benci. Ba maganar Gwaggo ce ta fi ƙona shi ba. Abin da ya fi damunsa shi ne mutumin da bai taɓa bari maƙwabci ya ga kansa ba hula ba, yau ga shi a wayar 'yan makaranta da iyayensu, da duk wanda Malama ta taɓa ba lamba.

Ya rubuta a guruf: "Malama, cire hoton nan yanzu."

Ta amsa cewa ita addu'a kawai ta nema, ba ta ga laifi a ciki ba. Yaya ya turo murya yana cewa a yi haƙuri, ba a magana cikin fushi, kuma gaskiya shi ma da ya ga hoton bai ji daɗin yadda aka bar gemun ba. Auta ya manna hannayensa biyu.

Nan Dogo ya danna wurin ɗaukar murya, ya kai wayar bakinsa.

"Yaya, ba ka ji daɗin gemu ba? Ka san nauyin Baba? Ka taɓa ɗaga shi daga ƙasa bayan ya zame, yana kuka yana ɓoye fuska don kada ɗansa ya gani? Malama, zuciyarki tana nan dare da rana? To ni zuciya ba ta wanke min zanin gado. Hannu nake nema! Gwaggo, kin san hanyar gidan nan tun ba a haife ni ba, ganyen da kike turowa ki tafasa ki kawo da kanki. Kai kuma Auta, in ka ƙara turo min hannayen nan, wallahi sai na ci mutuncinka. Kun mayar da ubanku abin kallo. Daga yau babu hoto, babu bidiyo, babu rahoto. Mai son ganin Baba ya zo ya gan shi."

Ya tura, ya fice daga guruf ɗin. Yaya ya mayar da shi, ya sake ficewa. Kira ya dinga shigowa, ya ƙi ɗauka. Da suka koma kan matarsa, ta ce musu Baba yana nan lafiya, sauran bayani kuma ba ta da izini.

A ƙarshen makon Yaya da Malama suka iso a mota ɗaya. Sun tarar da Dogo a tsakar gida yana shanya katifar roba. Yaya ya fara da faɗa, cewa ko me aka yi masa bai kamata ya zagi Gwaggo a gaban 'ya'yanta ba.

"Ban zage ta ba. Hanya na tuna mata."

Malama ta fashe da kuka. "Yaya Dogo, kana ganin daɗi nake ji? Ina can da yara da aiki, mijina ba ya gari. Wayar nan ita kaɗai nake da ita da zan ji ina kusa da shi. Na yi kuskure a hoton, na cire. Amma kada ka ce ban damu ba."

Dogo ya dube ta. Ya san gaskiya take faɗa, kuma hakan bai rage masa komai ba.

"Ban ce ba ki damu ba. Cewa na yi na gaji."

Ya shiga ɗaki ya fito da tawul da sabulu da kwalbar mai, ya ɗora su a hannun Yaya. "Ruwan yana kan wuta. Ka tallafe shi ta ɓangaren dama, kada ka ja hannun. Ni na tafi shago."

"Tsaya mana, ai ban taɓa..."

"Ni ma ban taɓa ba, ranar farko."

Tun kwanciyar Baba, ranar ce ya fara yin aiki tun safe har la'asar ba tare da ya bar kan kowa rabi ba. Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba. Sau da yawa ya kai hannu zai kira matarsa ya ji ko an ba Baba maganin rana, sai ya fasa.

Da ya koma gida ya tarar da Yaya zaune a ƙasa ya jingina da bango, rigarsa a jiƙe, yana dafe da ƙugu. Malama tana matse zanin gado a bakin famfo. Baba yana kan kujera da riga mai tsabta, an sa masa hula a karkace. Yaya bai ɗago kai ba ya ce, "Ya zame min a banɗaki. Da ƙyar na tare shi." Sannan ya ƙara, "Kullum haka kake yi?"

"Kullum."

Dogo ya je ya gyara wa Baba hular. Babu wanda ya ba wani haƙuri.

Daga nan abubuwa suka ɗan sauya, ba duka ba. Yaya yana zuwa ƙarshen wata ya karɓe shi kwana biyu, wani watan kuma aiki ya riƙe shi. Malama ta yi dogon hutunta a gida, ita da matar Dogo suka raba wanki da girki. Gwaggo ta zo sau ɗaya, ta zauna kusa da ɗan'uwanta, ba ta ce wa Dogo uffan ba har ta tafi, kuma har yau gaisuwarsu sama-sama ce. Guruf yana nan, furanni suna ta zuwa kowace safiya, amma a wayar matarsa. Shi bai koma ba.

Auta ne bai zo ba. Wata rana da hantsi Dogo ya fito da Baba inuwa yana motsa masa yatsu, wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Ya duba ya mayar. Baba ya dube shi, ya yi ta kokawa da harshensa har kalmar ta fito: "Ɗauka."

Ya ɗauka.

"Yaya Dogo, ya jikin Baba? Kunna bidiyo mana in gan shi."

"Baba yana nan. Yaushe za ka zo?"

"Wallahi ina ta shiri, abubuwa ne suka... Yaya? Ba na jin ka sosai, layin ba kyau."

"Ni ina jin ka sarai. Yaushe za ka zo?"

Kiran ya katse. Dogo ya ajiye wayar a ƙasa, ya kama hannun Baba, ya ci gaba da buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya.