Agali da Hular Kaki

Har gobe ban manta da ranar da Agali ya zare mini takobi a bakin rijiya, kusa da Korahane ba. Zamanin Faransa ne, ina mai yi wa dabbobi allura a Dakoro. Tsarin aikin shi ne kumandan, wato Baturen da ke mulkin yankin, ya aika wa mai gari, makiyaya su tara garkensu a rijiya, mu zo da kakinmu da hula, gumiye guda, wato sojan kan raƙumi, yana rakiyarmu.

Agali Buzu ne, dattijo, ban taɓa yi masa komai ba. Amma duk inda muka haɗu sai ya tofar da yawu ya kau da kai. Ran nan ina kama kunnen ɗan maraƙinsa sai na ga ƙarfe na walƙiya. Hannun rigata ya yage, gumiye ya danne shi, aka ɗaure shi zuwa biro, wato ofishin kumandan.

Kumandan ya ce da ni, "Tambaye shi me ka yi masa."

Na tambaye shi, raina a ɓace. Bai dube ni ba, hulata yake kallo.

Ya ce, "Kai ban san ka ba. Wannan hular na sani. Lokacin yaƙin Nasara masu irinta suka zo, suka ce duba lafiya za su yi. Suka tafi da raƙumana biyu da ke ja mini guga. Ka san zurfin rijiyarmu. Ni da matata muka koma jan igiya da hannu, tana da ciki. Shanu suka fara mutuwa, ita ma ta bi su."

Na fassara. Kumandan ya ce doka doka ce, sai Agali ya yi kaso, wato kurkuku. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni aka kai wa sara, kuma na yafe." Aka rage masa kwanaki, amma ba a sake shi ba.

Da ya fito bai taɓa gaishe ni ba har ya rasu. Ban kuma ga laifinsa ba.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, in makiyayi ya harare ku, kada ku yi saurin cewa jahilci ne. Wani ya riga ku zuwa rijiyar nan. Ku zauna tukuna, ku tambaya me ya yi kafin ku buɗe akwatin allura.