Shekarar da Aka Guji Furata

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe bazarar da mutanen unguwarmu suka yi mini sanƙarau da baki ba. Lokacin muna jihar Sakkwato, ni kuwa fura nake yi a Zurmi, da ita nake ciyar da marayuna.

Abin ya faro ne daga hannu. In na yi daka sai yatsuna su mutu, kamar an zuba musu tururuwa. Na shiga ɗage kafaɗa don in sassauta wa hannun, a hankali kafaɗar ta ƙage, wuya ya bi ta, har waiwaye ya gagare ni.

Maƙwabciyata, wadda kullum tabaryata ke gidanta, ta gan ni ina juyowa da jiki gaba ɗaya. Ta ja da baya ta ce, "Yaya, mi ya samu wuyanki cikin wagga bazara? Allah shi sa ba sanƙarau na ba."

Kafin la'asar zance ya kai kasuwa. Ba zazzaɓi nake yi ba, ba ciwon kai, ina tsaye da ƙafafuna, amma ba wanda ya tsaya tambaya. Furata ta yini a ƙwarya har ta yi tsami. Iyaye suka hana 'ya'yansu wasa da nawa. Tabaryar ma ta kan zana aka jefo mini ita. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Da tuwo ya fara gagarar gidan, na hau mota zuwa asibitin Ƙaura Namoda. Likitan, wani mutumin kudu, ya duba wuyan, sannan ya ƙwanƙwasa wuyan hannuna. Na ji abu ya tsarga har yatsu. Ya ce, "Mama, jijiya ce daka ya matse a nan. Wuyanki kuwa, wahalar hannu yake ɗauka." Ya ɗaure hannun, ya ce in huta da tabarya.

Hannu ya yi sauƙi kafin shuka, amma masu sayen furata sun riga sun koma wani gida, rabinsu ba su dawo ba. Ba wanda ya ce in yi haƙuri. Maƙwabciyar ce ma ta shigo wata safiya tana murmushi. "Yaya, ashe kin warke. Addu'ar da munka yi ta. Ara mani tabarya."

Sai da ta koma gidanta na miƙa mata ta kan zana, yadda ta dawo da ita.

Tun daga ranar, in aka ce mini wane na da ciwo kaza, sai na je na gaishe shi da ƙafata, don na ga likita ya ɗaure hannu, ban ga mai ɗaure bakin unguwa ba.