Tumakin Yumɓu a Bayan Rumbu

Shekarar da babbar ɗiyata ta shiga aji huɗu, na lura cewa in aka tambayi yarana uku mene ne Kirsimeti, amsarsu ba ta wuce shinkafa da kaza da sabon ɗinki. Abin ya dame ni. Sai na tsara mana wani abu: kowace Lahadi ta watan Disamba, in mun taso daga coci mun ci abinci, mu zauna a gindin mangwaron tsakar gida, in karanta musu guntun labarin haihuwar Yesu, su kuma su mulmula abin da suka ji da yumɓun da muka ɗebo a rafi. Lahadin farko suka yi makiyaya biyu da tumaki shida, waɗanda suka fi kama da ɓeraye. Muka jera su a faifai, muka ɗora a tagar falo su bushe.

A lokacin surukata tana zaune tare da mu. Daga wani ƙauye bayan Dabai maigidana ya ɗauko ta saboda ciwon ƙafa. A addinin gargajiya ta yi yawancin rayuwarta, sai da ta tsufa aka yi mata baftisma. Hausarta kaɗan ce, ni kuma abin da na iya na Lelanci, yarensu, bai wuce gaisuwa ba, don aure ne ya kawo ni Zuru.

Ran Laraba na duba faifai, tumaki biyar. Na tsare yara da tambaya har autana ya fashe da kuka, amma kowa ya ce ba shi ba ne. Mako na biyu suka ƙara uwar jariri da mijinta da jaki. Kafin Jumma'a makiyayi ɗaya da wata tunkiyar sun ɓace.

Daga nan na fara lura da tsohuwar. In muna mulmula yumɓu ba ta matsowa, amma idonta ba ya barin hannuna. Kujerarta ma ta juya ta, tana fuskantar tagar. Na tuna hirar da matan cocinmu kan yi, ta tsofaffin da ake yi wa baftisma amma suna da abin da suka ɓoye a ƙarƙashin gado. Na gaya wa maigidana.

"Wato uwata matsafiya ce?" in ji shi.

"Ban ce ba, Baban yara. Amma tumakin nan ba ƙafa gare su ba."

Ya tashi ya bar mini wurin. Washegari, tsohuwar tana banɗaki, na shiga ɗakinta na ɗaga tabarma, na kwance ƙullin kayanta. Ban sami komai ba sai man zafi da katin baftismarta.

Ran Litinin ta mako na uku na ɗauki kwando na ce na tafi kasuwa, sai na laɓe a zaure. Ba a jima ba ta fito tana ɗingishi, ta ɗauki jakin, ta nufi bayan rumbu. Na bi ta a hankali. Na tarar ta durƙusa, ta ɗaga wata fasasshiyar tukunya, ga tumakin da makiyayin a jere a ƙasa.

"Mama, me kike yi da su?"

Ko firgita ba ta yi ba. "Ke zan tambaya," ta ce. "Ke me kike yi da su?"

Da guntuwar Hausarta da nuni da hannu ta ce a gidan ubanta akwai irinsu, ana zuba musu giya da jinin kaza, kuma da hannunta ta fasa nata ranar da ta tuba. Ga shi ta ga ina koya wa jikokinta yin su, ta kuma ga na sayo kaji biyu na ɗaure daidai ƙarƙashin tagar. Ta ce ta riƙa ɗauke abubuwan yumɓun ɗaya ɗaya ne don ta ga ko hankalina zai tashi.

"Ya tashi," ta ce. "Safe kina dubawa, yamma kina dubawa. Kin sa yaro kuka. Kin shiga ɗakina."

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani. Kajin na miyar Kirsimeti ne, inuwa ce kawai ta sa na ɗaure su a wurin, amma na ga ba ta yarda ba.

Da yamma maigidana ya zauna a tsakaninmu yana fassara. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta kafa sharaɗi biyu: ita za ta tsaya a yanka kajin a wajen gida, kuma in Kirsimeti ya wuce a farfasa abubuwan nan duka, har da jaririn da za a mulmula daga baya. Na so in yi gardama, maigida ya girgiza mini kai.

Kashegarin Kirsimeti muka sauka rafi, ita a baya tana dogara sanda. Yara suka murƙushe su da dutse suka watsa a ruwa. Autana ya ƙi sakin jaririn da ya yi da kansa. Ta miƙa masa hannu ta ce, "Kawo, maigidana. Ƙasa ce. Shi na gaskiya ba ya fashewa." Ya ba ta.

Haka muke yi har yau, a mulmula a Disamba, a mai da su rafi bayan biki. Kirsimeti uku ta ƙara yi tare da mu kafin ta rasu. Ba ta taɓa sa hannu a yumɓun ba, kuma kowace safiya sai ta ɗaga faifan ta shinshina shi, ko za ta ji warin giya ko jini. Ni ma, in faɗi gaskiya, nakan sami dalilin zagawa bayan rumbu lokaci lokaci.